Yadda aka bi sawun tarina har zuwa cutar da na yi ina goye

Shekara goma sha ɗaya na yi ina yawo da tari tsakanin kemis, asibiti da ɗakin gwaji kafin na haɗu da likitar da ta tambaye ni wace cuta na yi ina goye. Ban san amsar ba, sai da na koma wurin mahaifiyata. Ni malamin makaranta ne, shekarata 37, kuma ban taɓa sa taba a bakina ba. Tun ina firamare aka san ni da tari, har 'yan ajinmu kan gane na iso tun ban shigo ba. A gida ana cewa ƙirjina ne ba ya shiri da sanyi, ni ma na taso a kan haka. Da na haura shekara 25 sai abin ya sauya salo. Kowace asuba sai na fitar da kaki mai kauri, yau ruwan ɗorawa gobe kore, wani lokaci har da wari, kuma sau uku ko huɗu a shekara zazzaɓi ya kwantar da ni da ciwon haƙarƙari da numfashi sama-sama. Zan faɗi matakan da na bi ɗaya bayan ɗaya, da inda na yi asarar lokaci da kuɗi, don mai irin wannan tarin ya san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa.

Shekarun farko a kemis suka ƙare. In tari ya tsananta sai in je a haɗa mini kafso na kwana biyar da ruwan maganin tari, in sha na kwana uku, in ji sauƙi, in ajiye sauran don gaba. Daga baya na je wani ƙaramin asibiti, likitan ya ɗora abin awonsa a ƙirjina, ya ji yana fito, ya ce asma ce. Bai yi wani gwaji ba, ni ma ban san akwai gwajin da ake yi ba. Ya rubuta mini abin shaƙa guda biyu, shuɗi na lokacin da numfashi ya toshe, da mai ruwan ƙasa na safe da yamma. Shekara huɗu ina saye duk wata. Shuɗin yakan ɗan buɗe mini ƙirji, amma kakin nan ko cokali ɗaya bai ragu ba. Ni kuma ban taɓa gaya wa likita yawan abin da nake fitarwa ba, don kunya nake ji, na ɗauka ƙazanta ce kawai da bai kamata in cika wa mutum kunne da ita ba. Ashe ita ce babbar shaidar da ake nema.

Wata safiya na yi tari sai na ga jini ja wur a cikin kakin. Jikina ya yi sanyi, washegari na tafi sashen masu tarin fuka. Aka ba ni 'yan kwalabe biyu, ɗaya in tofa nan take, ɗaya in kawo na asuba. Aka duba a madubin likita, ba a ga ƙwayar tarin fuka ba. Aka yi mini gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, shi ma babu komai. Amma hoton ƙirji ya nuna hazo a ƙasan huhun hagu, ga rama, ga jini, ga tarin shekaru, sai aka ce a fara magani bisa alamu. Wata shida cur na yi ina sha: magani huɗu a haɗe na wata biyu, sannan biyu na wata huɗu. Fitsarina ya koma ruwan goro saboda rifamfisin, na raba ɗaki da iyalina, na yi makonni ban shiga aji ba. Abin da ya ruɗa kowa shi ne na ji sauƙi sosai, kakin ya yi fari, na ɗan murmure. Sai daga baya na gane cewa rifamfisin yana kashe wasu bakteriyar ma banda ta tarin fuka, wato sauƙin da na ji bai tabbatar da komai ba. Wata biyu da gama magani, kaki ya dawo kamar ba a yi ba. Aka ce ƙila mai bijire wa magani ne, aka tura kakina na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar tarin fuka da ko tana bijire wa magani, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2010. Ita na'urar cikin kusan awa biyu take ba da sakamako, amma saboda layi sai da na jira kwana uku. Babu tarin fuka. Jami'in ya juya takardar, ya ce, “Malam, wannan ya fi ƙarfin ɗakin nan,” ya rubuta mini takardar turawa babban asibiti. Ba na ganin laifin wanda ya fara zargin tarin fuka, don duk mai tarin da ya wuce mako biyu ya kamata a gwada shi. Abin da ya dame ni shi ne da gwaji ya ce babu, ba a nemi wani dalilin ba.

A babban asibiti ba a shiga wurin likitan huhu kai tsaye, ko da kana riƙe da takardar turawa. Ranar farko a ofishin kati ta ƙare: ka biya kuɗin buɗe fayil a wata taga, ka kai rasit wata tagar, a ba ka ƙaramin kati mai lamba. Kada ka yi wasa da katin nan, don in ya ɓata fayil ɗinka ma kamar ya ɓata ne. Daga nan aka tura ni sashen ganin likita na gama-gari, wani matashin likita ya karanta takardar, ya sa hannu, ya ce in je a ba ni rana a sashen huhu. Sashen sau ɗaya yake zama a mako, aka ba ni mako bakwai. Ranar da ta zo na isa ƙarfe takwas ina ganin na yi sammako, na tarar da mutum sama da talatin a kan benci, kowa na tari irin nasa. Sai bayan ƙarfe biyu aka kira ni. Kuma na je hannu rabbana, ban ɗauki tsofaffin hotunan ƙirjina ba, ban ɗauki katin maganin tarin fuka ba, don na ɗauka tunda sabon asibiti ne komai sabo za a fara.

Likitar mace ce mai ɗan shekaru, ba ta da gaggawa. Ta tambaye ni kaki nawa nake fitarwa a rana, cokali ne ko kofi, wane launi ne, sau nawa na sha maganin kashe ƙwayoyin cuta a shekarar da ta wuce. Ta kama yatsuna ta duba faratan, ta nuna mini yadda kawunansu suka ɗan kumbura suka lanƙwasa, abin da ni na ɗauka halitta ce. Ta saurari bayana ta daɗe a gefen hagu. Sannan ta ce, “Malam, yaushe tarin ya fara?” Na ce shekara goma sha ɗaya. Ta ce, “Kafin nan fa?” Na ce ai tun ina yaro ina tari, amma wancan na sanyi ne. Ta ajiye biro. “An taɓa kwantar da kai a asibiti kana jariri? Ka yi tarin shiƙa? Ƙyanda fa? An kammala maka rigakafi?” Duk na ce ban sani ba. Ta ce, “Mahaifiyarka tana da rai?” Na ce tana nan, alhamdulillahi. Ta ce to wannan shi ne gwajin farko, kuma shi kaɗai ne ba sai na biya ba. Sauran ta rubuta a takardu huɗu: awon ƙarfin numfashi, shuka kaki don a ga ƙwayar da za ta tsiro, gwajin jini, da hoton CT na ƙirji, wato hoton na'ura mai nuna cikin huhu yanki-yanki. Ta ce in dawo bayan mako shida da sakamakon duka, tare da tsofaffin hotunan da na bari a gida.

Ƙarshen makon na je wurin Inna. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na ce, “Inna, wai wace cuta na yi ina goye?” Ta dube ni ta ce wa ya aiko ni. Da na ce likita ce, sai ta gyara zama. Ta ce ina wata bakwai na kamu da wani tari mai zuwa a jere ba hutu, sai na yi ta yi har fuskata ta yi baƙi, leɓena ya sauya launi, sannan in ja numfashi da wata ƙara kamar ta zakara, daga nan in amayar da duk abin da na sha. Ta ce kusan wata uku aka yi a haka, ba ta iya tuna daren da ta yi barci ya kai asuba. Na ɗan warware, sai ina shekara ɗaya da wata biyu zazzaɓi mai zafi ya kama ni, haƙarƙarina na lotsawa ciki duk numfashi, na daina kama nono. An yi kwana huɗu a gida ana sa ran zai sauka kafin aka kai ni asibiti, aka kwantar da ni mako biyu da robar iska a hanci da allura safe da dare. Yayata da ke zaune a gefe ta ƙara da cewa ita abin da ta tuna shi ne bayan an sallamo mu ban ƙara rabuwa da tari mai majina ba, har aka saba da shi aka daina ji. Batun rigakafi kuwa, Inna ta ce an yi mini ta kafaɗa, ga tabon nan, an yi ta cinya sau ɗaya, sai aka yi ƙaura, katin ya ɓata a cikin kaya, ba a koma ba. Na rubuta duka a bayan takardar asibiti. Da zan tashi ta riƙe hannuna ta ce, “Ni na jawo maka ke nan?” Ban da abin da zan ce mata a ranar, sai na ce Allah ne ya ƙaddara, na fito ina jin nauyin tambayar da na kai mata.

Awon ƙarfin numfashi shi ne gwajin da ya kamata a yi mini tun ranar da aka ce asma ce. Zuwan farko aka mayar da ni, don na shaƙi shuɗin nan da safe, kuma ana so a yi sa'o'i ba a taɓa shi ba kafin gwajin. Ba wanda ya gaya mini, na yi asarar mako guda. Zuwa na biyu aka auna tsayina da nauyina, aka rubuta shekaruna, don da su ake lissafa abin da ya kamata huhun mai irin jikina ya fitar. Aka matse mini hanci da wani ɗan maƙali, aka ba ni bututu, ma'aikacin ya ce in cika ƙirji taf, in busa da dukkan ƙarfina, in ci gaba har daƙiƙa shida ko fiye. Yana tsaye a kaina yana ta “busa, busa, busa,” ni kuwa tari ya sarƙe ni, idona ya kawo ruwa. Sau uku masu kyau ake nema, sai da na yi bakwai. Daga nan aka shaƙa mini shuɗin sau huɗu, na jira minti goma sha biyar, aka sake. Abin da suke dubawa shi ne iskar da mutum ya fitar a daƙiƙar farko, da jimillar iskar gaba ɗaya. Mai asma yawanci lambarsa kan tashi sosai bayan shaƙa magani. Tawa ta tsaya a kusan kashi biyu cikin uku na abin da ake sa rai, kuma da ƙyar ta motsa.

Kakin ma sai da na kai sau biyu. Na farko aka ce yawu ne. Ana son na asuba, bayan an kurkure baki da ruwa kawai, a tono shi daga can cikin ƙirji, a rufe kwalbar a kai ɗakin gwaji ba tare da ɓata lokaci ba, kuma ya fi kyau mutum ba ya kan maganin kashe ƙwayoyin cuta a lokacin. Sakamako biyu ne suke fitowa daga ciki, kuma wannan ya ruɗa ni. Na bakteriyar yau da kullum ya fito cikin kwana uku, ya nuna wata mai suna Himofilus infuluwenza, tare da jerin magungunan da ke kashe ta da waɗanda ba sa yi mata komai. Kafson da na yi shekaru ina saye a kemis yana cikin jeri na biyu. Na dangin ƙwayar tarin fuka kuwa sai an jira mako shida zuwa takwas, don a hankali suke tsirowa. Gwajin jinin na auna sinadaran garkuwar jiki ne da kuma alamar ko jikina na faɗa da wata funfuna da kan zauna a huhu. Wani ɓangaren ba a yinsa a asibitin, sai da aka aika wani wuri, ya ƙara kuɗi ya ƙara kwanaki.

Hoton CT shi ne ya girgiza aljihuna, don kuɗinsa ya fi na sauran gwaje-gwajen a haɗe, sai da na jira albashi na ƙara da rance. Na so in ce a yi haƙuri da hoton ƙirji na yau da kullum, tunda ina da guda biyar a gida, amma shi wannan yakan ɓoye irin cutar da ake nema, wani ma hotonsa kan fito kamar lafiyarsa lau. A duba takardar da kyau kafin a biya: irin wanda likitan huhu ke so shi ne mai yanka siriri, ana rubuta HRCT, kuma ni ba a yi mini allurar rinin da ke sa jijiyoyin jini su fito a hoto ba. Aikin kansa bai kai minti goma sha biyar ba. Na kwanta rigingine, hannuwa sama da kai, gadon ya shiga cikin wani babban zobe, murya ta ce in ja numfashi in riƙe, shi ke nan. Rahoton ya ɗauki kwana biyar. Na kusa tafiya da takardar rahoton kawai, sai wani dattijo da muke layi tare ya ce in nemi faifan hoton ma, don likitar za ta so gani da idonta. Gaskiyarsa.

Ranar komawa ta sa faifan a kwamfuta ta juyo mini da fuskarta. Ta ce in ɗauki huhu kamar bishiyar da aka kifa, maƙogwaro ne gangar jiki, rassa na ƙara sirancewa har su kai ga 'yan jakunkunan iska. A ƙa'ida kowane reshe bai kamata ya fi jijiyar jinin da ke rakiyarsa faɗi ba. Nawa na ƙasan hagu da wani yanki na dama sun buɗe sun yi kauri, a hoton sai ka ga kamar zobe mai ɗan dutse a gefe. Sunan cutar buronkiyektasis, wato buɗewar hanyoyin iska ta dindindin, kuma ba sabuwa ba ce, wani likitan Faransa mai suna Rene Laennec ya bayyana ta tun 1819. Ta ce a cikin hanyoyin nan akwai 'yan gashi ƙanana da ke share majina zuwa sama dare da rana. Ƙwayar tarin shiƙa, irin tarin da Inna ta kwatanta, tana manne musu ta kashe su, namoniya mai tsanani kuma, irin ciwon huhun da ya kwantar da ni, tana cin bangon reshen. In bango ya saki, majina ta kwanta, bakteriya ta samu gida, jiki ya turo dakarunsa, faɗan ya ƙara cin bangon, majina ta ƙara kwanciya. Haka abin ke zagayawa shekara da shekaru. Da na karanta mata abin da Inna ta faɗa, ta ce ba za ta rantse ba, amma jinina bai nuna raunin garkuwa ba, babu funfuna, babu tarin fuka, kuma labarin ya zauna daram a kan hoton. Ta ƙara da cewa huhun jariri bai gama ginuwa ba, jakunkunan iska na ta ƙaruwa a shekarun farko, ƙarfin huhu kuma sai tsakanin shekara 20 zuwa 25 yake kai ƙololuwa, daga nan ya fara sauka a hankali. Wanda cuta ta taɓa yana goye yakan fara saukar daga matakala ta ƙasa. Na ce, “Likita, ana warkewa?” Ta ce reshen da ya buɗe a jikin babba ba ya komawa, amma ana iya tsayar da zagayen.

Daren nan ban yi barci ba, na yi ta bincike a waya, abin da ba na ba kowa shawara ya yi da tsakar dare. Na ci karo da wani nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2023 a kan mutanen da aka haifa a Birtaniya a 1946 aka bi rayuwarsu. Cikin mutum 3,589, waɗanda suka yi cutar ƙirji kafin su cika shekara biyu haɗarin mutuwarsu da cutar numfashi kafin shekara 73 ya kusan ninka na sauran. Gabana ya faɗi, sai da na karanta a tsanake na ga kusan mutum biyu ne cikin ɗari a wannan ɓangaren, ɗaya cikin ɗari a wancan, kuma an haɗa cututtukan bakteriya da na bairos ne a lissafin. Ninki ne, amma na ƙaramin adadi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cutar numfashin manya ba ta masu shan taba kaɗai ba ce, alhali duk asibitin da na shiga tambayar farko ke nan, in na ce ba na sha sai a yi mini kallon maƙaryaci.

Maganin da ya fi yi mini aiki ba a kwalba yake ba. An tura ni sashen gashin ƙashi da motsa jiki, inda wata ma'aikaciya ta koya mini fitar da kaki da dabara: numfashi a hankali, sannan dogon numfashi uku ko huɗu ana ɗan riƙewa, sannan a fesar da iska baki buɗe kamar mai son ya turara madubi, a maimaita har kakin ya hau da kansa. Ta sa ni kwanciya a gefen dama don hagun ya tsiyaye. Sau biyu a rana, kusan minti ashirin, da ciwo da ba ciwo. Satin farko na ji kamar wasan yara, na biyu na ga abin da ke fitowa na daina raina shi. Likitar ta dakatar da abin shaƙa mai ruwan ƙasa tunda ba asma ba ce, ta rubuta maganin da ya dace da ƙwayar da aka shuka, ta ce kwana goma sha huɗu ake sha in ciwo ya tashi, ba biyar ba, balle ukun da na saba. Ta ba ni kwalbar kaki in ajiye a gida, da na ga launi ya sauya ko yawa ya ƙaru in kai kafin in haɗiye ƙwaya ta farko. Saboda ciwon na tashi sau uku ko fiye a shekara ta ce za a ɗora ni kan azitromaisin sau uku a mako, amma sai da aka yi awon bugun zuciya, aka duba ji na, aka kuma jira sakamakon nan na mako takwas, don in akwai dangin tarin fuka a huhu, shan wannan maganin shi kaɗai na sa su zama masu taurin kai. Aka yi mini rigakafin namoniya da na mura. A shekarar da ta biyo baya sau ɗaya na kwanta.

Ana cikin haka 'yata mai shekara uku ta yi mura, murar ta wuce, tari mai majina ya zauna. Da a da ne da na ce gado ta yi. Na fara ƙirga kwanaki a kalanda, da ya haura mako huɗu muka kai ta sashen yara, na faɗi tarihina tun ba a tambaye ni ba. Likitan ya ce jiƙaƙƙen tarin da ya wuce mako huɗu a yaro ba a zuba masa ido, sau da yawa bakteriya ce ta zauna a hanyoyin iska, kuma in yana maimaituwa ba a kula ba yana iya kaiwa ga irin nawa. Ya duba ko ta shaƙi wani abu ya maƙale, ya yi hoton ƙirji, ya tambayi batun tarin fuka a gida, sannan ya rubuta amoksisilin mai haɗi na mako biyu, ya ce in bai ɗauke ba a ƙara biyu, in ya ƙi a zurfafa bincike. Kwana goma sha ɗaya tarin ya ɗauke, muka ƙarasa maganin duk da haka. Ya koya wa mahaifiyarta ƙirga numfashi na minti ɗaya yaro na kwance shiru: sau 60 ko fiye ga wanda bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar. In an kai haka, ko aka ga ƙasan ƙirji na lotsawa, ba a kwana a gida. Ya ce a yara, in an kama buɗewar hanyoyin iska da wuri, wani lokaci tana iya komawa.

Da zan sake bin hanyar nan daga farko, da wurin Inna zan fara zuwa da biro da takarda, don labarin shekara biyun farko na rayuwar mutum yana hannun wani ne, kuma ba kullum mai labarin zai kasance ba. Da zan faɗi yawan kakina da launinsa tun a asibitin farko ba tare da kunya ba. Da ba zan karɓi sunan asma ba sai an sa ni na busa bututun nan, kuma ranar da gwajin tarin fuka ya ce babu da zan tambaya, to mene ne. Yanzu ina da jaka guda da ba a sa komai a ciki sai kayan asibiti: katin fayil, hotuna da faifan CT, kowane sakamako da kwafinsa, rasitai, da littafin da nake rubuta ranar da ciwo ya tashi da maganin da na sha. Kafin in bar tagar da aka ba ni ranar gwaji nakan tambayi abin da zan daina sha, abin da zan zo da shi, da ranar da sakamako zai fito. Kuɗin CT kuwa, in na haɗa abin da na kashe a kemis da abin shaƙa na shekara huɗu, ya ninka shi ban san sau nawa ba.

Tambayar Inna na kai wa likitar a zuwana na uku. Ta ce in gaya mata cewa uwar da ta yi wata uku ba barci, ta kuma kai ɗanta asibiti aka ceto shi, ita ce dalilin da nake zaune a gabanta, kuma rigakafin namoniya da ake yi wa jarirai yanzu sai a shekarar 2000 aka fara amfani da shi, lokacin ni na riga na girma. Na je na faɗa mata kalma da kalma. Ba ta ce komai ba, ta dai share ido da gefen mayafi. Da aka haifa mana namiji bara, ita ce ta riƙe ranakun allurarsa a ka, mako shida, mako goma, mako goma sha huɗu. Ranar ta ukun tun ƙarfe bakwai ta bugo waya tana tambaya ko mun fita, ta ce in an dawo in ɗauki hoton katin in tura wa Yaya ta ajiye, ko da za mu yi ƙaura.